DU WENXIU (SULAIMAN): MAI ƘARAR DA YA ZAMA SARKIN DALI



Yau ƙasar Sin za mu leƙa, lardin Yunnan da ke kudu maso yammacinta, kan iyaka da Burma wadda yanzu ake kira Myanmar. Da yawanmu ba mu taɓa jin cewa wani Musulmi ya riƙe mulki a can na tsawon shekara 16 ba. Sunansa Du Wenxiu, sunansa na Musulunci kuma Sulaiman.

An haife shi a 1823 a yankin Yongchang, inda yau ake kira Baoshan. Ya fito ne daga al'ummar Hui, wato Musulmin Sin waɗanda Sinanci ne harshensu. A lokacin daular Qing ce ke mulki, gidan sarautar 'yan ƙabilar Manchu da suka kama Beijin tun 1644. Sulaiman ya yi karatun gargajiya na ƙasarsu har ya ci matakin farko na jarrabawar da ake bi a zama ma'aikacin sarki. Kun ga kenan hanyar alƙalami ya kama tun yana saurayi.

A 1845 aka yi wa Musulmin Baoshan kisan kiyashi. Rikici ne da ya daɗe tsakaninsu da wasu ƙungiyoyin maƙwabtansu 'yan Han, sai jami'an gari suka goya wa ɓangare guda baya. Dubban mutane suka halaka, aka ƙwace gidaje da gonaki. To me Sulaiman ya yi? Takarda ya ɗauka. Shi da wasu 'yan uwansa suka yi tafiyar watanni har Beijin, suka shigar da ƙara a fadar sarki a 1847. Fada ta miƙa maganar ga Lin Zexu, mutumin nan da ya lalata tulin ofiyom na 'yan kasuwar Ingila a 1839, wanda a lokacin aka ba shi riƙon Yunnan. An hukunta wasu daga cikin masu laifin, amma gonakin ba su dawo hannun masu su ba, waɗanda suka tsira ma wani wurin aka kai su.

Rauni bai warke ba aka fama shi. Faɗa ya riƙa ɓarkewa a wuraren haƙar azurfa, sai a watan Mayu na 1856 aka kwana uku ana kashe Musulmi a Kunming, babban birnin lardin, da sanin manyan jami'ai. Daga nan Yunnan ta kama da wuta. A cikin shekarar mayaƙa suka ƙwace birnin Dali, suka ɗora Sulaiman a kai. Beijin ba ta iya turo runduna mai ƙarfi ba, domin tawayen Taiping, wanda ya ɗauka daga 1850 zuwa 1864, ya riga ya sha mata kai.

Nan ne wurin da nake so mu lura, jama'a. Wanda aka kashe wa mutane ya samu iko, abin da ake tsammani shi ne ramuwa. Sulaiman kuwa ya nuna cewa da gidan Qing yake faɗa, ya janyo 'yan Han da ƙabilun Bai da Yi cikin gwamnatinsa da rundunarsa, wasunsu a manyan muƙamai. Ya sa wa ƙasar suna Pingnan. Hatiminsa da Sinanci da Larabci aka rubuta shi. Ya soke kitson gashin da Manchu suka tilasta wa maza. Fatake suka ci gaba da kai da kawo tsakanin Dali da Burma da alfadaransu, suna shigo da auduga. A 1862 ya ɗauki nauyin sassaƙa Alƙur'ani a allunan katako aka buga shi, bugun da ake ɗauka shi ne na farko a ƙasar Sin.

Sai dai a wannan shekarar ce bango ya tsage. Ma Rulong, babban kwamandan Musulmin kudanci da gabashin lardin, ya yi sulhu da Qing, aka ba shi muƙamin soja. Babban malaminsu Yusuf Ma Dexin, wanda ya yi Hajji ya zauna shekaru a ƙasashen Larabawa, shi ma ya amince da sulhun. Daga nan Musulmi ya fuskanci Musulmi a fagen fama. Sulaiman ya yi wa Kunming ƙawanya daga 1868 zuwa 1869, bai ci ta ba, cikin masu tsare ta har da Ma Rulong. Dakarun Cen Yuying suka riƙa ƙwace garuruwa ɗaya bayan ɗaya. Wakilan da suka je Landan a 1872 neman taimakon Ingila hannu rabbana suka dawo.

A hunturun da ya haɗa 1872 da 1873 aka kewaye Dali. Sulaiman ya sha guba, sannan ya sa aka fitar da shi zuwa sansanin abokan gaba, da fatan za a bar mutanen gari da ransu. Kashe kai haramun ne a addininmu, ba mu yabon wannan, hukuncinsa kuma yana wurin Allah. Aka sare kansa aka aika Beijin. Bayan 'yan kwanaki aka afka wa birnin, dubbai suka mutu. Wasu da suka tsira suka tsallaka Burma, inda ake kiransu Panthay har yau. Shi kansa Malam Ma Dexin da ya zaɓi sulhu, a 1874 hukuma ta kashe shi.

'Yan uwa, ku dubi inda abin ya faro. Mutum ya je da takardar ƙara, aka sallame shi da rabin adalci, shekara 9 bayan haka sai ga yaƙin da ya cinye lardi guda, Musulmi da wanda ba Musulmi ba. Duk mai riƙe da hukunci, alƙali ne ko mai gari ko uban gida, ya ji tsoron Allah game da mai ƙarar da ke tsaye a ƙofarsa. Mu kuma mu tuna cewa Dali ba ta faɗi ba sai da 'yan uwa suka raba hanya.

Allah Ya jiƙan Musulmin da suka rasu a wannan fitina, Ya haɗa kawunanmu a kan gaskiya. Amin.