Waddington: Mai Karatun Duwatsu da Ya Koma Kiwon Ƙudaje

Tun zangon farko wata tambaya ta tsaya mini a rai a ajin bayoloji: in dai DNA ɗin da ke ƙwayar idona shi ne a ƙwayar hantata, me ya hana hanta gani? Neman amsarta ne ya haɗa ni da wani Bature, Conrad Waddington.

An haife shi a Ingila a 1905, ya yi ƙuruciyarsa ta farko a Indiya, inda mahaifinsa ke aikin gonar shayi. Abin da ya fara burge ni shi ne ba bayoloji ya karanta ba. Ilimin duwatsu ya yi a Jami'ar Kambirij, daga baya hankalinsa ya koma kan yadda ɗan tayi ke girma. Masu kukan an tura su kwas ɗin da ba su nema ba, ku ji da kyau.

A 1942 ya ƙirƙiro kalmar efijenetik, wato nazarin yadda ƙwayoyin gado ke aiki har su gina jiki. Ya kwatanta ƙwayar halitta da ƙwallo a kan tudu. Tana gangarowa sai hanya ta rabu gida biyu, ta bi kwari guda, can gaba ya sake rabuwa. Wadda ta bi nan ta zama fata, waccan ta zama jijiya, kuma komawa baya da wuya. Ƙwayoyin gado su ne turakun da ke ƙarƙashi, suna riƙe da igiyoyin da suka ba tudun siffarsa. Wallahi ranar da na ga zanen nan na fahimci abin da handawut uku suka kasa koya mini.

Lokacin yaƙin duniya na biyu ya yi wa sojojin saman Birtaniya aikin bincike, a 1947 kuma ya zama farfesa a Edinbara. Can ya yi gwajin ƙudajensa, irin ƙananan nan masu bin ruɓaɓɓiyar ayaba. Ya riƙa sa su cikin zafin digiri 40 na awa huɗu tun ba su yi fiffike ba, sai wasu suka fito babu wata 'yar jijiya a fiffikensu. Ya ware waɗannan yana haɗa su. A zuriya ta 14, wasu suka fito haka ba tare da an gasa su ba.

To, a nan fa ake yawan zamewa. Na sha jin ana cewa wannan hujja ce wahalar uba na shiga jinin ɗa kai tsaye. Ni ban yarda ba. Zafin ya tono bambancin da dama ke ɓoye a ƙwayoyin gadon ne, shi kuma ya yi ta zaɓe har abin ya zauna.

Ya rasu a Edinbara a 1975, shekarar da wasu masana suka kawo shawarar cewa wata 'yar alamar sinadari, metil, da ke maƙalewa a DNA ce ke kulle wasu ƙwayoyin gado. Ga amsar tambayata ke nan: hanta na da na gani, a kulle suke. Yanzu an san irin wannan kulli na iya faɗawa kan ƙwayoyin gadon da ke hana ciwon daji, kuma akwai magungunan wasu cututtukan dajin jini da aikinsu rage wannan alama ne.