Judith Resnik (1949–1986): Injiniya Kuma 'Yar Sama Jannati

An haifi Judith Resnik ranar 5 ga Afrilu, 1949, a birnin Akron na jihar Ohayo, ƙasar Amurka. Tun tana ƙarama ta shahara a lissafi da kaɗa fiyano. Ta sami digirinta na farko a fannin injiniyan lantarki a Jami'ar Carnegie Mellon a 1970, sannan digiri na uku a Jami'ar Maryland a 1977. Kafin ta shiga harkar sararin samaniya ta yi aiki a kamfanonin RCA da Xerox.

A watan Janairun 1978 hukumar NASA ta zaɓi mutum 35 domin horar da su, shida daga cikinsu mata, har da Resnik. Ba tuƙi aka ɗauke ta ba. Sabon kumbon da ake shirin amfani da shi mai zuwa ne ya dawo, kuma yana buƙatar masanan da za su sarrafa na'urorin da yake ɗauke da su. Ta yi shekara shida tana wannan shiri, musamman a kan dogon hannun ƙarfe da kumbon ke ɗaga kaya da shi. Ranar 30 ga Agusta, 1984, ta tashi a tafiyar farko ta kumbon Discovery, ta zama mace ta biyu daga Amurka da ta je sararin samaniya, bayan Sally Ride. A can ta warware wani faifan tara hasken rana mai tsawon kimanin mita 31.

Tafiyarta ta biyu ita ce ta kumbon Challenger, ranar 28 ga Janairu, 1986. A cikin ayarin akwai malamar makarantar sakandare, Christa McAuliffe, wadda aka shirya za ta koyar da darasi daga sama, saboda haka ɗalibai da yawa suna kallo a talabijin. An kwana ana tsananin sanyi a Fulorida, sanyin da ya zarce na tsakiyar hunturu a ƙasar Katsina nesa ba kusa ba, har ƙanƙara ta daskare a dandalin harba kumbo. Akwai zoben roba da ke toshe mahaɗar sassan rokar da ke cilla kumbon. Sanyi ya sandarar da shi, iskar gas mai zafi ta sami kafar fita, wuta ta kai ga babban tankin mai. Daƙiƙa 73 da tashi kumbon ya tarwatse, duk mutum bakwai da ke ciki suka rasu. Resnik tana da shekara 36.

Abin takaici shi ne, daren jajibirin tashin wasu injiniyoyin kamfanin da ya ƙera rokar sun nemi a ɗage tafiyar saboda wannan zobe, shugabanni suka yi watsi da shawarar. Kwamitin binciken da Shugaba Reagan ya kafa ya tabbatar da haka. Ba a sake harba irin wannan kumbo ba sai a watan Satumban 1988.