Farfesa Björn Beckman: Baƙon da Ya Rubuta Labarin Bakolori da na Ma'aikatan Masaƙa

Da yawa daga cikin 'ya'yanmu da suka tashi a Kaduna da Kano da Legas ba su taɓa jin sunan Björn Beckman ba, alhali kuwa yana cikin waɗanda suka kai labarin Bakolori ɗakunan karatu na jami'o'in duniya. Baturen ƙasar Suwidin ne, an haife shi a shekarar 1938. Ya fara bincikensa a Gana, inda ya nazarci ƙungiyar manoman koko ta zamanin Kwame Nkrumah, ya wallafa littafi a kanta a 1976. Tun daga nan tambayarsa guda ce: yaya talaka yake haɗa kai har a saurare shi?

A 1978 ya zo Jami'ar Ahmadu Bello ta Zariya, ya koyar a sashen kimiyyar siyasa har zuwa 1987. A shekarar zuwansa ne aka kammala madatsar ruwa ta Bakolori a kan Gulbin Sakkwato, a ita ce kuma gwamnatin soja ta tattara ƙungiyoyin ƙwadago na ƙasar nan suka koma 42 a ƙarƙashin NLC. Waɗannan al'amura biyu su suka cinye mafi yawan ƙarfinsa.

Dattawan Mafara da Bakura da Maradun ba sa bukatar a tuna musu da Bakolori. Ruwa ya cinye gidaje da gonaki, an hana manoma shuka ana gyaran filayen ban-ruwa, diyya kuma ta zama abin jayayya. Da haƙuri ya ƙare, manoma suka tare hanyoyin aikin, har aka kai ga abin da 'yan sanda suka aikata a Birnin Tudu da ƙauyukan kewaye a ƙarshen watan Afrilu na 1980, zamanin Gwamna Shehu Kangiwa. Hukuma ta ambaci adadi kaɗan na mamata, wasu kuwa suka ce ɗaruruwa ne. Beckman ya rubuta ƙasida a kan wannan a 1985, bai ɗauke shi a matsayin tarzomar ƙauyawa ba. Ya nuna shi a matsayin karo tsakanin manoma da hukuma da masu jari. A shekarar ce kuma shi da maiɗakinsa Gunilla Andrae suka fitar da The Wheat Trap, wato tarkon alkama. Sun bayyana yadda alkamar waje ta mayar da burodi abincin birni, sannan aka narkar da dukiya a manyan ayyukan ban-ruwa irin Bakolori da Kadawa don a noma ta a gida, alhali alkama sanyi take so, hunturunmu kuwa gajere ne. Mai karatu da ke karya kumallo da shayi da burodi a birni, da shi ake.

Amma aikin da ya fi shahara da shi shi ne nazarin ƙungiyar ma'aikatan masaƙa da ɗinki, mai hedkwata a Kaduna, wadda Adams Oshiomhole ya zama babban sakatarenta a 1982. Shi da Andrae sun yi shekaru suna bin masaƙu, suna tattaunawa da ma'aikata da manajoji, suna karanta takardun ƙungiya, har suka wallafa Union Power in the Nigerian Textile Industry a 1998. Abin da suka gano ya saɓa wa zato. A shekarun da tattalin arziki ya durƙushe, aka shigo da shirin SAP a 1986, aka sallami ma'aikata masu yawa, ƙungiyar ba ta rushe ba. Ƙarfi ma ta ƙara a manyan masaƙun Kaduna, domin masu masaƙa sun fahimci gara su zauna da shugabannin da ma'aikata ke jin maganarsu a ƙulla yarjejeniyar albashi. A Kano kuwa, inda masaƙu da dama ƙanana ne na attajiran gida da 'yan Labanon, ana ɗaukar ma'aikaci ta hanyar sanayya, sai ƙungiya ta sha wuya kafin ta samu gindin zama.

A ganina, nan ne rubuce-rubucensa biyu suka haɗu. Ma'aikacin Kakuri yana da ƙungiya mai rajista da teburin sasantawa. Manomin Birnin Tudu ba shi da ko ɗaya, sai tare hanya. Sai dai dole a faɗi cewa ƙarfin ƙungiya bai hana masaƙun mutuwa ba: masaƙar KTL ta Kaduna, wadda ta fara aiki a 1957, an rufe ta a 2002, wasu suka bi bayanta.

Bayan barinsa Zariya ya koma Jami'ar Sitokholm, ya ci gaba da zuwa Nijeriya yana aiki da tsofaffin ɗalibansa da 'yan ƙwadago. A 2010 shi da abokan aikinsa biyu suka shirya littafi kan dangantakar ƙungiyoyin ƙwadago da jam'iyyun siyasa a Afirka. Ya rasu a watan Nuwamba na 2019.