Tarihin Kelly Johnson, Maƙerin Jiragen Leƙen Asiri

A wannan mako za mu kawo wa masu karatu tarihin wani Ba'amurke, marigayi Clarence Johnson, wanda duniya ta fi sani da Kelly Johnson. Shi ne ya tsara jiragen saman leƙen asirin nan biyu, U-2 da SR-71, waɗanda suka hana Rasha barci a zamanin Yaƙin Cacar Baka. Amma asalin ɗaukakarsa daga wani ɗan ƙaramin samfurin jirgi ta faro, wanda bai fi a ɗauke shi a bayan mota ba.

An haife shi ran 27 ga watan Fabrairu, 1910, a garin Ishpeming na Jihar Michigan. Iyayensa baƙi ne, daga ƙasar Suwidin suka zo neman abinci. Uban magini ne, uwar kuwa wankau take yi don a sami na cefane, shi ne kuma na 7 cikin 'ya'ya 9. Tun yana yaro ba shi da aiki sai zanen jirage, har ya ci wata kyauta da zanen da ya yi yana da shekara 12 ko 13. Sunan Kelly kuwa a makaranta ya samo shi. Yara ne suka dame shi da tsokana, suna kiransa Clara, watau sunan mata, har ran nan ya taɗe ɗayansu ya karye a ƙafa. Daga ranar aka daina, aka laƙaba masa Kelly.

Ya shiga Jami'ar Michigan ya karanta aikin injiniyan jiragen sama, ya sami digiri a 1932. Ya tafi Kalifoniya neman aiki a kamfanin Lockheed, aka ce masa babu, ya koma ya ƙaro ilmi tukuna. Ya koma ya yi digiri na biyu.

To, a nan ne labarin samfurin ya shigo. Al'adar maƙeran jirage ita ce, kafin a zuba kuɗi a ƙera babban jirgi, sai a sassaƙa ƙaraminsa wanda ya yi daidai da shi ta kowace fuska, fiffike da jela da hanci, kome bisa awo. Sa'an nan a kai shi ɗakin gwajin iska, wanda yake kamar wani dogon bututu ne mai ƙatuwar fanka. A kafa samfurin a kan ma'auni, a sakar masa iska mai ƙarfi, a ga yadda zai ɗaga, da yadda zai karkata, da inda iskar ke tare shi. Abin da ƙaramin ya yi a ɗakin nan, shi babban zai yi a sama da mutane a ciki.

A lokacin kamfanin Lockheed bai daɗe da farfaɗowa daga karyewa ba, ya kuma ɗora duk fatansa a kan wani sabon jirgin fasinja mai inji biyu da ake kira Electra. Aka aika samfurinsa Jami'ar Michigan don gwaji, Johnson na cikin masu aikin. Malaminsa ya ce jirgin ya yi. Shi kuwa ɗalibin bai yarda ba.

A 1933 kamfanin ya ɗauke shi aikin tsara kayan ƙira, albashi dala 83 a wata. Yana da shekara 23, bai ko gama zama a kujerarsa ba, ya dubi manyan kamfanin ya gaya musu jirgin nan nasu ba shi da natsuwa a sama, kuma bai yarda da rahoton da malaminsa ya sa wa hannu ba. Mai karatu ya tuna, zamanin matsin tattalin arziki ne, miliyoyin Amurkawa na yawo ba aiki, kuma wanda ya faɗi irin wannan magana yana iya kwana a titi. Gaskiya ɗaci gare ta, amma babban injiniya Hall Hibbard ya haɗiye. Ya ba shi samfurin, ya ce ya mai da shi Michigan ya gyara abin da ya ce ya gani.

Johnson ya sa samfurin a mota ya koma. Ya yi gwaji fiye da sau 70, yana cire wannan yana ƙara wancan. Ya cire wasu faifai da aka lilliƙa a mahaɗar fiffike da gangar jiki. Ya kuma gane jela guda ɗaya ba ta isa ta riƙe jirgin ba, musamman in inji ɗaya ya mutu, ɗayan ya riƙa jan jirgin gefe. Sai ya yi masa jela biyu a tsaye, ɗaya dama ɗaya hagu, kowace a bayan inji, inda iskar farfela ke dukanta. Jirgin ya natsu. Electra ya tashi a watan Fabrairu 1934, ya sami kasuwa, kamfani ya tsira, Johnson kuma ya zama cikakken injiniya.

Daga nan sai gaba. Yana cikin waɗanda suka tsara jirgin yaƙin P-38, wanda aka ƙera kusan 10,000 a Yaƙin Duniya na Biyu, aka kuma cire wa wasu bindigogi aka sa kyamarori don ɗaukar hoton sansanin abokan gaba. A 1943 ya ware 'yan mutane kaɗan suka ƙera jirgin jet mai suna XP-80 cikin kwana 143. Wannan sashe nasa shi ya zama Skunk Works, inda ƙa'idarsa ita ce ma'aikata kaɗan, takardu kaɗan, injiniya kuma ya zauna kusa da maƙeri.

Bayan yaƙi Amurka ta rasa hanyar sanin yawan makaman Rasha. Johnson ya ɗauki gangar jirgin yaƙin F-104 da ya riga ya tsara, ya rage mata nauyi, ya sa mata fikafikai masu tsawon ƙafa 80, don ta kai ƙafa 70,000 a sama. Rundunar sojan sama ta ƙi tsarin, amma hukumar leƙen asiri ta CIA ta karɓa, Shugaba Eisenhower ya amince a ƙarshen 1954. Jirgin U-2 ya tashi a watan Agusta 1955, ran 4 ga Yuli 1956 kuwa ya ratsa sararin Rasha. Hotunansa sun nuna jiragen yaƙin Rasha masu dogon zango ba su kai yawan da ake tsoro ba. Aikin kuma bai cinye kuɗin da aka ware ba, har aka mayar wa gwamnati rara.

Amma rana dubu ta ɓarawo, rana ɗaya ta mai kaya. Ran 1 ga Mayu 1960 Rasha ta harbo wani U-2 da ya taso daga Peshawar ta Pakistan, ta kama matuƙinsa Francis Gary Powers da rai. Amurka ta ce jirgin binciken yanayi ne ya ɓace hanya, sai Khrushchev ya fito da matuƙi da tarkace, taron manyan ƙasashe da aka shirya a Paris ya watse. A watan Oktoba 1962 kuma U-2 ne ya ɗauko hoton makamai masu linzami da Rasha ta kai Kyuba, rikicin da ya kusa jefa duniya cikin yaƙin nukiliya.

Tun kafin a harbo Powers, Johnson ya san tsawo kaɗai ba zai daɗe yana kare jirgi ba, don haka ya koma wa samfuri. Ya yi tsari bayan tsari har na 12, shi ya sa aka kira jirgin A-12. A hamadar Nevada aka riƙa ɗora samfurinsa a kan doguwar sanda ana haska shi da na'urar rada, inda duk ya fi bayyana a sake masa siffa. Zafin gudunsa ya fi ƙarfin alminiyam, sai aka koma wa ƙarfen titaniyam, wanda aka sayo da yawansa daga Rasha kanta ta hannun kamfanonin ɓoye. Daga A-12 aka fitar da SR-71, wanda ya fara tashi ran 22 ga Disamba 1964. A 1974 ya je Landan daga New York cikin ƙasa da awa 2, a 1976 kuma ya yi gudun mil 2,193 a awa, watau tafiyar Legas zuwa Kano cikin kimanin minti 15. An ƙera 32, 12 sun salwanta a haɗari, amma ba wanda abokan gaba suka taɓa harbowa.

Sau 3 ana yi masa tayin shugabancin kamfanin Lockheed yana ƙi, don ya fi son zama wurin ƙira. Ya sami lambar yabo ta Shugaban Amurka a 1964, ya yi ritaya a 1975 ya bar wa Ben Rich sashen. Ya yi aure sau 3, matansa biyu na farko sun riga shi rasuwa. Ya mutu ran 21 ga Disamba 1990 yana da shekara 80, bayan doguwar jinya, a cikin shekarar da sojan sama suka fara ajiye SR-71.

Masu tarihi har yanzu suna gardama a kan jiragensa: wasu na ganin sun rage tsoro sun hana yaƙi, wasu na ganin keta sararin ƙasar wani tsokana ce. Abin da ba gardama a kai shi ne halin mutumin. Ya gwada ƙarami kafin babba, abin da awo ya nuna masa kuma shi ya faɗa, ko da a gaban wanda ke biyansa albashi ne.