Abdullahi Ɗan Fodiyo: Masanin shari'ar da ya juya wa mulki baya

An haifi Abdullahi ɗan Muhammadu Fodiyo wajen shekarar 1766, ƙane ne ga Shehu Usmanu, kuma ɗalibinsa. A littafinsa Ida'un Nusukh ya jero malaman da ya yi karatu a wurinsu, ciki har da Malam Jibrila ɗan Umaru. Da jihadi ya ɓarke a 1804, shi ne ya jagoranci rundunar jama'a a yaƙin Tabkin Kwatto, inda aka karya mayaƙan Sarkin Gobir Yunfa.

Ba a yi shekara huɗu da wannan nasara ba sai ya fice daga rundunar. Ya bayyana dalilinsa a Tazyinul Waraƙat: yawancin abokan gwagwarmayarsa na farko sun kwanta dama, waɗanda suka maye gurbinsu kuwa sun karkata ga ganima da dawakai da tufafin alfarma da neman muƙami. Sai ya kama hanyar gabas da niyyar zuwa Makka. Wazirin Shehu ne a lokacin, ba wanda ya kore shi.

Tafiyar ta tsaya a Kano. Mutanen birnin, waɗanda ba su daɗe da kawar da sarautar Haɓe ba, suka roƙe shi ya rubuta musu yadda ake tafiyar da mulki bisa shari'a. Ya zauna ya karantar da tafsiri, ya kuma wallafa Diya'ul Hukkam. Littafin ya yi bayanin yadda ake naɗa shugaba da abin da ya wajaba a kansa, aikin waziri da alƙali da mai hisba, da wanda ke sauraron ƙarar talaka a kan masu iko. Wato mutumin da ya ga abin da mulki ya yi wa abokansa ne ya zauna ya shata wa mulki iyaka.

A nan ne ɗaliban shari'a na jami'o'inmu ke da aiki. Da yawansu suna fara tarihin shari'ar Najeriya daga zuwan dokokin Ingila, kamar a ce kafin Lugga ya ci Sakkwato a 1903 babu kotu a ƙasar Hausa. Alhali kotunan alƙalai da Turawa suka tarar, suka bar su suna aiki bayan sun rage musu iko, daga wannan tsari suka fito. Kundin hukunta laifuka na Arewa da ya fara aiki a 1960, da dawo da shari'ar Musulunci da Zamfara ta shelanta a 1999, da hukumomin Hisba na yau, ba a gane su sosai sai an san abin da ya gabace su. Abdullahi ya ma keɓe wa hisba littafi guda.

Bai kai Makka ba, ya koma gida. Bai kuma daina jayayya ba: ya ƙi yarda da laƙabin sarauta da kiɗan fada, har Shehu da kansa ya yi rubutu yana sassauta wasu daga cikin matsayinsa. Saɓani ne na malamai, a rubuce, hujja da hujja.

A 1812 aka ba shi kula da yammacin daula, Muhammadu Bello ya riƙe gabas. Da Shehu ya rasu a 1817, aka yi wa Bello mubaya'a, Abdullahi ya iso Sakkwato ya tarar an rufe ƙofa. Ya koma Gwandu. Sun sasanta bayan Bello ya kawo masa ɗauki a yaƙin Kalambaina, inda Abdullahi ya amince da shugabancin ɗan wansa.

Ya ƙarasa rayuwarsa yana koyarwa da rubutu, ya rasu a Gwandu wajen 1829. Kwafe-kwafen littattafansa na hannu suna nan a gidan tarihi na Waziri Junaidu da ke Sakkwato da Arewa House a Kaduna.