REYOMUR: MUTUMIN DA YA ƘYANƘYASHE ƘWAI BA TARE DA KAZA BA

 Duk wanda ya tashi a Janbako ko Bakura ya san yadda hunturu kan lalata ƙwai idan kaza ta tashi daga kwanci, ya kuma san ɓarnar darɓa a gonakin rani na Bakolori. Wani Bafaranshe ya yi nazarin waɗannan matsaloli biyu tun kusan shekara 300 da suka wuce, shi ne Reyomur, wanda Faransawa ke rubuta sunansa Réaumur.

An haife shi a garin La Rochelle na Faransa ranar 28 ga Fabrairu, 1683. Ya karanta shari'a da lissafi, kuma a 1708 aka shigar da shi Majalisar Masana Kimiyya ta Faris. A 1730 ya ƙera ma'aunin zafi wanda ruwa ke daskarewa a lamba 0, ya tafasa a 80. Wannan ma'auni shi ne ya zama masa sandar jagora a sauran ayyukansa.

Daga 1734 zuwa 1742 ya fitar da littattafai shida a kan ƙwari. Yakan haɗa ƙanƙara da gishiri ya sanyaya tsutsotsi, sai ya ga wasunsu suna rayuwa cikin sanyin da ya wuce na daskarar ruwa. Ya kuma gano cewa tsutsar da ke shirin zama malam-buɗe-littafi takan jinkirta fitowa a wuri mai sanyi, ta gaggauta a wuri mai ɗumi. Haka nan ya ba da shawarar a riƙa sakin ƙwarin da ke cin darɓa a kan shuke-shuke, su yi wa manomi aikin.

Da ya juya kan kaji, labarin Misirawa ne ya ja hankalinsa, domin sun daɗe suna ƙyanƙyasar dubban ƙwai a ɗakunan ƙasa da ake ɗumamawa. Sai ya binne gangunan katako cikin kashin doki mai tururi, ya jera ƙwai a ciki. Da farko ya sha asara, don tururin kashin yana kashe 'yan tsaki tun suna cikin ƙwai. Bai karaya ba, ya gyara gangunan, ya yi musu kafofin iska, ya tsayar da zafin a lamba 32 ta ma'auninsa, wato 40 a ma'aunin da muka koya a aji. Daga baya ya yi amfani da ɗumin gidajen burodi, har ya yi wa 'yan tsakin mafaka da fatar ɗan rago a madadin uwa. Ya wallafa wannan aiki a 1749. Ya rasu ranar 17 ga Oktoba, 1757, bayan ya faɗo daga kan doki.

To, ina ruwanmu da shi? Injin ƙyanƙyasa na yau, mai riƙe zafi a wajen 37.5 har kwana 21 ga kaza, ko kusan 28 ga zabuwa, a kan turbarsa yake. Masu kiwon ƙwari masu amfani kan adana su cikin sanyi sai lokacin saki ya yi. A Nijeriya ma, a 1981 masana na cibiyar IITA da ke Ibadan suka saki wani ɗan ƙwaro da ya karya lagon ƙwarin rogo ba tare da feshi ba.

Abin lura a nan, kayan aikinsa ba su wuce kashin doki da ganga da ma'auni ba, kuma babu wanda ya fi ƙarfinmu a ciki. Abin da ya fi mu da shi shi ne aunawa da rubutawa kullum. Ina roƙon wannan ƙungiya tamu ta saya wa ƙannenmu na kulob ɗin matasa manoma ma'aunin zafi da ƙaramin injin ƙyanƙyasa kafin hunturu mai zuwa.