Josef Furiye, Marayan Da Ya Lissafa Tafiyar Zafi

Tun ina yaro nake mamakin abu ɗaya. Ka bar ludayin ƙarfe cikin tukunyar miya, nan da nan ya ƙona maka hannu, amma muciya ta daɗe cikin tuwo ka ɗauka lafiya lau. Ashe akwai wanda ya ɓata shekaru yana lissafa wannan, Bafaranshe Josef Furiye.

An haife shi ran 21 ga Maris, 1768, a garin Oser. Ɗan tela ne, kuma kafin ya wuce shekara goma uwa da uba duk sun rasu. Lokacin juyin juya halin Faransa an jefa shi kurkuku a 1794, saura ƙiris a fille masa kai, sai mulki ya juya, ya sha da ƙyar. A 1798 ya bi Napoleon zuwa Masar, ya zama sakataren cibiyar bincike ta Alƙahira. Da ya dawo aka ba shi gwamnan wani yanki a Giranobul, yana aikin mulki yana lissafi.

A 1807 ya miƙa wa manyan masanan Paris bincikensa. Abin da ya nuna shi ne, zafi na gangarowa daga wuri mai zafi zuwa mai sanyi, yawansa kuwa ya danganta da bambancin zafin da kuma irin abin da yake ratsawa. Ka ji sirrin ludayi da muciya ke nan. Amma fa tsohon malaminsa Lagaranj bai gamsu da hanyar lissafin ba, aikin bai samu fita ba. Furiye bai yi zuciya ba. Shekara 15 ya jira, sai 1822 littafinsa ya fito.

Yau injiniyoyi na ƙera wani abu mai fuska biyu, gefe ɗaya tangaran mai jure wuta, ɗayan ƙarfe, tsakiyar kuma tana rikiɗewa a hankali don kada zafi ya tsaga shi. Lissafinsa ya fi ƙarfin alƙalami, sai kwamfuta ta yayyanka shi gutsi-gutsi ta lissafa kowane. Ƙa'idar da take bi kuwa ta Furiye ce.

Ya rasu a Paris ran 16 ga Mayu, 1830. Ni dai in na ga yaro maraya ana cewa ba zai yi karatu ba, ɗan telan nan nake tunawa.